Nafkin ɗin da na ɗinka wa ɗana: daga yankan yadi zuwa igiyar shanya

Lokacin da na samu cikin ɗana na biyu, 'yar farina ba ta daɗe da barin famfas ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga renonta shi ne yawan sharar da gidanmu ke fitarwa. Jariri sabon haihuwa yakan ɓata nafkin 8 zuwa 12 a yini, yawancin yara kuma sai sun haura shekara biyu kafin su saba da fo. In aka tara lissafin, dubbai ne ga yaro ɗaya, kowanne a naɗe a jefa, robar da ke jikinsa kuwa ba ruɓewa take yi da wuri ba. Ina da keken ɗinki, ina da hannu daidai gwargwado, sai na ƙudurta cewa wannan karon da kaina zan ɗinka wa jaririn abin da zai riƙa sawa.

Ba zan ɓata famfas ba. Tun da kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a Amurka a 1961 ya rage wa iyaye wahala mai yawa, musamman daga shekarun 1980 da aka fara zuba masa wani garin sinadari mai shanye ruwa ninkin-ba-ninkin nauyinsa, ya mayar da shi kamar ƙulli mai yauƙi. Shi ya sa yaro zai yi fitsari sau da yawa amma ki taɓa ki ji a bushe. Yadi ba ya yin haka. Duk wadda za ta koma nafkin na yadi gara ta san wannan tun farko: jiƙa ba ta ɓuya, canji zai yawaita, wanki kuma zai shigo cikin tsarin kowane mako ya zauna daram.

Ko zancen muhalli ma da sharaɗinsa. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike a 2008 da ya nuna cewa amfanin nafkin na yadi ya dogara ne da yadda ake wanke shi. In ana dafa shi da ruwa mai tsananin zafi ana busarwa a inji kullum, wuta da ruwan da ake ci za su iya cinye ribar. In kuwa ana tara wankin ya cika, ana shanya a igiya, aka kuma sake amfani da shi ga ƙanin yaron, illarsa ga ɗumamar yanayi takan ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wannan ya nuna mini inda zan sa hankalina tun ban yanka yadi ba.

Na je wa Umma da zancen ina murna, na ce, “Umma, nafkin zan ɗinka wa jaririn nan da kaina.” Ta dube ni ta ce, “Allah ya taimaka, 'yar nan. Amma ki sani ɗinkin ba shi ne aikin ba, wankin ne aikin. Ki tanadi igiya mai tsawo.” Daga nan ta shiga nuna mini yadda take ninke tawul mai kusurwa huɗu ya zama mai kusurwa uku, kaurin ya taru a tsakiya, da hannunta a kan cinyarta kamar jiya ta bar yi.

Da zaɓen yadi na fara. Auduga zalla nake nema, don ita ce ke shan ruwa ta kuma jure wankin ruwan zafi. Na haɗa iri biyu: yadin tawul mai gashi-gashi, da fulanel mai laushi irin wanda ake zanen gadon yara da shi. Rabin abin da na yi amfani da shi ma tsofaffin tawul ne da zannuwan gado da suka kwana biyu a akwati, kuma su suka fi sababbin shan ruwa. Dalili shi ne sabuwar auduga tana zuwa da wani maiƙo nata na halitta, ga kuma sinadarin da masaƙa ke shafa mata don ta yi sheƙi a kanti. Ki ɗiga wa sabon yadi ruwa ki gani, ɗigon zai tsaya a kai yana ƙyalli maimakon ya nutse. Don haka sai da na wanke sabon yadin da ruwan zafi na shanya, na sake maimaitawa har ɗigon ruwa ya riƙa ɓacewa nan take. Wankin farko yana da wani amfanin kuma: auduga tana tsukewa, gara ta gama tsukewarta kafin almakashi ya taɓa ta.

Mafi sauƙin ɗinki shi ne shimfiɗaɗɗen nafkin mai kusurwa huɗu, santimita 60 ta kowane gefe. Yadin tawul yana da kauri, in kika kalmashe bakinsa sau biyu zai yi tudu ya dami cinyar jariri, don haka na bi gefen da ɗinkin zigzag mai matsatsen taku, na zagaya sau biyu. Tawul yana zubar da gashi sosai lokacin yanka, ɗakin duk ya cika da burbushi, keken ma sai an buɗe wajen ƙoshiyar zare an share shi da ɗan buroshi bayan kowane zama.

Iri na biyu shi ne wanda aka riga aka ninke aka ɗinke: fili uku a jere, na tsakiya falle takwas na fulanel, na gefe da gefe falle huɗu-huɗu. Yana da daɗin sawa da tsakar dare, don ba sai kin tsaya ninki ba. Sai dai a nan na lura da wani abu da ya sauya mini sauran ɗinkin. Duk yadda fallaye suka yawaita a cikin ɗinki ɗaya, haka ruwan wanki ke wahalar ratsa tsakiyarsu, haka kuma suke daɗewa ba su bushe ba. Shimfiɗaɗɗen nan da ake rainawa, da zarar an warware shi ya koma falle ɗaya, sabulu ya shiga ko'ina, iska ta busar da shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka na rage masu kaurin, na ƙara yawan shimfiɗaɗɗu, sannan na ɗinka ƙananan ƙari masu tsawon tafin hannu biyu, falle uku kacal, waɗanda ake cusawa a tsakiya in ana son ƙarin shan ruwa, a zare su lokacin wanki. Dozin biyu na nafkin suna isar jariri in ana wanki duk bayan kwana biyu.

Wandon da ke rufe nafkin ya hana ruwa fita shi ne ya fi cin hankali. Akwai yadi na musamman da aka shafe bayansa da roba siririya, ana kiransa PUL, fuska ɗaya yadi ɗaya kuma sumul mai sheƙi. Da nake fama da shi na riƙa tuna Marion Donovan, wata uwa 'yar Amurka da ta gaji da canza jiƙaƙƙun zannuwan gado, ta yanka labulen banɗaki a 1946 ta ɗinka wa jaririyarta irin wannan wando a kekenta na gida, ta sa maɓalli a maimakon fil. A 1951 ta samu rajistar mallakar ƙirƙirar. Ita ma da keke da almakashi ta fara, yara na kai-komo a gabanta.

Samfurin na ciro shi ne daga famfas guda: na miƙe shi a kan takarda, na zana gefensa, na ƙara faɗi da zurfi saboda yadi ya fi shi cika wuri. Wannan yadin ba a soka masa fil, don kowane rami ƙofar yoyo ce, sai dai a kama bakinsa da 'yan maƙalai irin na shanya. Zaren ma sai na foliyesta, domin zaren auduga yakan tsotso ruwa daga ciki ya fito da shi waje ta layin ɗinki, ki ga rigar yaro ta jiƙe ba ki san ta ina ba. Fuskar mai sheƙi tana manne wa ƙafar keke ta ƙi tafiya. Maganinta siririyar takarda ce, a shimfiɗa a kai a bi ta da ɗinki, in an gama a yage. Na kuma tsawaita takun ɗinkin kaɗan don ramukan allura su ragu.

Robar cinya da ta baya ita ce ran wandon. Siririya nake sawa, mai faɗin milimita 6. Za ki kafe bakinta da ɗinki, ki ja ta da hannun dama, hannun hagu na riƙe da yadin ta baya, keken na tafiya da zigzag a kanta. In kika saki, gefen ya tattare ya yi 'yan ƙananan ninki masu kyau. Ja ya yi yawa, ta bar jan shati a cinyar yaro. Ya yi kaɗan, kashi ya samu hanya. Ma'aunin da na riƙe shi ne yatsa ɗaya ya shige tsakanin robar da cinya, biyu su shige a ƙugu. A wajen rufewa kuma na gwada Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara, da maɓallin roba mai ƙamewa. Velcro ya fi sauri ga ɗan jariri, kuma ana daidaita shi yadda ake so, amma yana kama duk abin da ya haɗu da shi a wanki, sai an ɗinka masa ɗan wurin da za a manne shi kafin a jefa a ruwa. Da yaron ya yi wayo kuma, ƙarar ɓare shi ta zama masa abin wasa, sai na koma maɓalli.

Duk wannan ɗinkin da ƙaramar yarinya a gida na yi shi, kuma wannan wani darasi ne daban. Allura, fil, almakashi, ƙananan maɓallai, duk abubuwan da ke jan idon yaro ne, duk kuma masu haɗari ne a bakinsa. Yanka da duk abin da ya shafi fil sai ta yi barcin rana nake yi. Ina ƙirga fil kafin in fara da bayan na gama, ina da ɗan maganaɗisu da nake bin ƙasa da shi, keken kuma a rufe yake in na tashi ko da zuwa duba tukunya ne. In tana farke, aikinta shi ne tara mini ƙyallaye a kwando, ja a gefe, fari a gefe. “Mama, wannan na ƙanina ne?” Haka take tambaya a kan kowane ƙyalle, tun ba ta san wanda ke zuwa ba.

Daga ragowar yadin na fitar da ƙyallayen goge jiki, falle biyu na fulanel masu girman tafin hannu, ruwan ɗumi kawai ake jiƙa su da shi. Na kuma yanka shimfiɗar ciki daga siririn yadin filis, mai laushi irin na rigar sanyi, wanda ba ya warwarewa, ba ya buƙatar ɗinki ko kaɗan. Ba ya riƙe ruwa, fitsari yakan ratsa shi ya sauka cikin audugar, fatar yaro ta ɗan samu sarari. Akwai wani yadin da ake kira maikirofaiba mai saurin shan ruwa ƙwarai, wasu na sa shi a tsakiya, amma ba a bari ya taɓa fata domin yana busar da ita har ta yi ja.

Da aka haihu, kwanakin farko famfas na sa masa. Kashin farko na jariri baƙi ne mai danƙo, ga jikina bai dawo ba, ga cibiya ba ta faɗi ba. Da cibiyar ta warke na ɗauko kayana. Sawar farko na tsaya ina kallonsa: ɗan mitsitsin mutum da ƙaton ɗuwawu na tawul, ƙafafu a ware. Wannan warewar ba ta cutar da ƙugun jariri, asali ma haka ƙafafunsa suke son zama. Abin da ya kamata a lura da shi kawai shi ne kada ko ɗan bakin tawul ya leƙo daga cikin wandon, don ta nan ruwa ke bi ya jiƙa riga da shimfiɗa. Duk awa biyu zuwa uku nake canzawa da rana, kashi kuwa nan take.

Sai wanki, inda maganar Umma ta tabbata.

Abu na farko da na yanke shi ne ba zan jiƙa nafkin a bokitin ruwa ba, ko da yake haka aka saba yi a da. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa, ruwan da bai wuce santimita 5 ba kuma ya isa ya halaka shi. Da 'yar shekara biyu da rabi a gida, ba abin da zan yi wasa da shi ba ne. Ban da haka, daɗewa a cikin ruwa yana cin zaren yadi da roba. Kwando mai ramuka na samu, na ajiye a inda hannunta ba ya kai, iska na shiga. Abin mamaki, wanda iska ke ratsawa ya fi rufaffen bokiti ƙarancin wari nesa ba kusa ba.

Wankin hawa biyu ne. Na farko gajere, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan garin sabulu, don a fitar da fitsari da kashi a zubar da wannan ruwan. Na biyu shi ne ainihin wankin: ruwan zafi kamar digiri 60, garin sabulu cikakken awo irin wanda aka rubuta don kaya masu datti sosai, da lokaci mai tsawo. Mai injin wanki ta cika shi kamar kashi biyu cikin uku, don kayan su riƙa gugar juna. In sun yi kaɗan iyo kawai suke a ruwa. Mai wankin hannu kuma ta sa safar roba, ta cuɗa sosai, ta ɗauraye har ruwan ya fito garau ba santsi. Kashin jaririn da nono kaɗai yake sha yana narkewa a ruwa, ba ya buƙatar kankara. Ruwan nan mai ƙamshi da ake zubawa don tufafi su yi laushi, ko kusa kada ya je: wani maiƙo yake shafa wa zaren, nafkin ya daina shan ruwa, fitsari ya riƙa gangarewa ta gefe.

Watanni suka tafi lafiya, sai zarni ya bayyana. Nafkin zai fito daga wanki ba wari, amma da zarar yaron ya yi fitsari sai wani kaifin wari ya tashi har ya sa ido ruwa, musamman na safe. Fitsari yana ɗauke da sinadarin yuriya, ƙwayoyin cuta kuma suna farfasa shi ya zama amoniya. In zarni yana tashi nan take, alama ce cewa akwai saura a cikin zaren da wanki bai fitar ba. Amoniya kuma tana ƙona fata. A wajenmu tushen abin ruwa ne: ruwanmu mai nauyi ne, irin wanda ke barin farin shati a cikin butar shayi, sabulu ya ƙi kumfa. Kalsiyam da maganiziyam da ke cikinsa suna kama sabulun su zama wata dauɗa mai maƙalewa a yadi, ita kuma ta riƙe datti.

Da na shiga intanet neman mafita, shawarar da ta fi yawa ita ce a haɗa ruwan khal da bekin soda. Ina son kayan tsafta marasa ƙarfin sinadari, shi ya sa ma na shiga wannan hanya, amma wannan haɗin ba ya aiki, kuma ina ganin ya kamata a daina yaɗa shi. Ruwan khal tsami ne, kusan kashi 5 cikin ɗarinsa asid ne, bekin soda kuma kishiyarsa ce. In suka haɗu sai su kashe juna. Kumfar nan da ke tasowa tana burge ido iska ce kawai ke fita, abin da ya rage a kwanon ruwa ne da ɗan gishiri. Kowannensu yana da aikinsa in an bar shi shi kaɗai. Khal yana narkar da farin shatin ruwa mai nauyi, don haka nakan zuba kaɗan a ɗaurayar ƙarshe ta tawul jefi-jefi, ban da wandunan, domin yawan tsami yana gajiyar da roba. Bekin soda tana rage wari, ina barbaɗa ta a gindin kwandon.

Abin da ya magance mini zarnin shi ne sodar wanki, wadda ta fi bekin soda ƙarfi sosai, tana kama ma'adinan ruwa ta bar sabulu ya yi aikinsa. A kicin nake yin ta. A baza bekin soda a faranti, a sa a oben mai zafin digiri 200 kamar awa ɗaya, ana juyawa sau ɗaya. Zafin yana fitar da ruwa da iska daga cikinta ta rikiɗe. Za ki gane ta yi in ta daina ƙyalli da dunƙulewa, ta koma gari mai tsaki-tsaki mara sheƙi. Cokali biyu a babban wanki sun isa. Amma don an yi ta a gida ba ya nufin ba ta da haɗari: tana cin hannu, tana ƙona ido, kuma kamanninta ɗaya da kayan girki. A cikin kwalba mai murfi take, da rubutu a jiki, a can saman kanta nesa da kicin.

Rana kuwa ban ga abin da ya kai ta ba. Kashin jariri mai shan nono yana barin rawayen tabo da sabulu ba ya fitarwa duka. Ki shanya nafkin ɗin yana jiƙe, tabon na kallon rana, ki dawo bayan 'yan awanni ki tarar ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Launin daga sinadarin bilirubin yake, haske kuma yana farfasa shi. Shi ne dalilin da ya sa ake kwantar da jariri mai shawara a ƙarƙashin fitila ta musamman a asibiti. Wandunan roba ne kaɗai nake shanyawa a inuwa, don zafin rana yana fasa rufinsu. Tawul da ya bushe a rana yakan yi tauri, sai in kakkaɓe shi da ƙarfi kafin shanya, in murza shi tsakanin hannuwa bayan na kwashe. Ninkewa aikin mu biyu ne da yarinyar, ita ƙyallayen goge jiki, ni manyan.

Akwai inda rana da soda suka tsaya, kuma na kai wurin. Wani lokaci yaron ya yi ƙuraje ja jawur, har cikin matsematsinsa, da 'yan ɗige-ɗige a kewaye. Ƙurajen jiƙa na yau da kullum sukan tsallake cikin lanƙwasar fata, kuma sukan lafa cikin kwana biyu zuwa uku in ana yawan canji ana barin wurin ya sha iska. Waɗannan ba su lafa ba. A asibiti aka ce fangas ne da ake kira kandida, aka ba mu man shafawa. Ma'aikaciyar jinyar ta ce, “Maman yaro, nafkin ɗin ma sai kin yi musu magani, in ba haka ba zai dawo.” Khal ba ya kashe wannan yadda za a dogara da shi. Bilic na ɗauko, na tsarma shi da ruwan sanyi bisa awon da ke jikin kwalbar, na jiƙa nafkin ɗin da aka riga aka wanke tas na ɗan lokaci a banɗaki a kulle, na ɗauraye, na sake wankewa da ruwan zafi. Dole su zama wankakku tukuna, domin bilic in ya haɗu da amoniyar fitsari yana fitar da iska mai guba. Haka in ya haɗu da khal, iskar kulorin ce ke tashi, mai ƙona huhu. Waɗannan kwalabe biyu ko a kanta ɗaya ba na ajiye su.

Man shafawa ma yana da ruwa da tsaki a wankin. Masu kauri irin na zinki da man jelin fetur suna kare fata da kyau, amma suna toshe zaren auduga. Duk ranar da na shafa masa sai na sa shimfiɗar filis a tsakani, in wanke ta daban. Hoda kuwa na bar ta gaba ɗaya, don ƙurarta tana shiga hancin jariri.

Da ya cika wata shida, wanda shi ne lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba jariri abinci bayan nono zalla, komai ya sake sabon salo. Kashi ya yi kauri, ya yi wari, ya daina narkewa a ruwa. Yanzu sai an juye shi a masai kafin nafkin ya shiga kwando, kuma a nan shimfiɗar filis ta biya wahalarta, don daga jikinta yake saɓulewa. A daidai wannan lokacin ne kuma girki ya ƙaru, ana dafa nasa daban ana niƙawa, ga na sauran gida. Hannu ɗaya ne ke canza nafkin yake kuma tuƙa tukunya, don haka na kafa wa kaina doka: sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 bayan kowane canji, ko da yaron na ihu. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, ƙanƙantarsa ba ta sa ya zama mai tsabta ba. Bahon wankin nafkin daban yake, ba ya shiga kicin, ba a wanke kwano a inda aka ɗauraye shi.

Dare ya buƙaci ƙari biyu a cikin tawul ɗin, da ɗauraye shi da safe tun kafin ya shiga kwando, domin fitsarin dare ya fi ƙarfi. Don fita unguwa na ɗinka jaka mai zif daga ragowar yadin roba, jiƙaƙƙe ya shiga ciki har mu dawo. Ranar da yake gudawa, ko ni ba ni da lafiya, ko damina ta hana shanya bushewa, famfas nake sa masa ba tare da wani nauyi a zuciya ba. Abban yara, da da farko yake tsoron ninkin, shi ya fi ni iya ɗaure na dare yanzu, kuma shi ke kwashe shanya in na makara a kicin.

Sannu a hankali abin ya bazu zuwa sauran gidan. Ƙyallayen da suka yi ƙanƙanta na haɗa su biyu-biyu na yi tsummokaran goge-goge, na bambanta su da launin zaren gefe: shuɗi na kicin, ja na banɗaki. Da yaron ya fara rarrafe yana lasar duk abin da ya samu, daɓen ɗaki ya koma ruwan ɗumi da ɗan sabulu kawai. Khal da ruwa rabi da rabi na goge madubi da famfo, amma ba ya taɓa dutsen marmara, don tsami yana cinye fuskarsa. Bekin soda da ɗan ruwa ta zama ƙullin kankare gindin tukunya. Inda ɗanyen nama ya taɓa, ko wani ya yi amai, nan kam ruwan zafi da sabulu ne sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta na gaske.

Yanzu yana dab da fara zaman fo, kuma yakan ja wandonsa ya nuna mini da zarar ya jiƙe, don yana jin jiƙar a jikinsa. Tawul ɗin sun yi siriri a tsakiya, sun kuma fi da laushi. Robar cinyar wandunan ce ta saki, kamar yadda roba ke yi bayan wanki mai yawa, kuma gyaranta ba wuya: a farke ɗinkin zigzag ɗin, a cire tsohuwar, a ɗinka sabuwa kamar yadda aka sa ta farko. Waɗanda suka yi masa kaɗan na wanke su wankin ƙarshe, na tabbatar sun bushe ƙayau, na zuba a jakar yadi maimakon leda don kada su yi fumfuna. Ƙanwata na da ciki, ta riga ta aiko a ajiye mata shimfiɗaɗɗun, sai dai wandunan jarirai zan yanka mata sababbi, don na wancan lokacin rufinsu ya fara tsagewa a wajen maɓalli.